'Yan Kwaka masu ibadar shiru da facin riga: zuhudu ne ko wasan masu ƙoshi?

Sadik na Birmingham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau zance na zo da shi, kuma na san gidan nan ba a rasa masu baki. Wata na takwas ke nan ina haya a ɗakin sama na wata tsohuwar baturiya a kudancin Birmingham, kusa da unguwar Bournville. Matar ta haura saba'in, likita ce da ta yi ritaya, wato ba ta rasa abin hannu ba, amma in ka ga rigar sanyinta sai ka rantse a gwanjo aka tsinto ta, gwiwar hannu duk faci, kuma ita ke yin facin da dare tana jin rediyo. Ba mota, sai keke ko bas. Ba ta cin nama. Ruwan da ta wanke kayan miya ma a bokiti take tarawa ta kai wa wake da kabejin da ta shuka a bayan gida. Ranar da na watsa ɓawon dankali a kwandon shara ko uffan ba ta ce ba, sai gani na yi ta sa hannu ta tsince tas ta kai ramin takinta, wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Da can na ɗauka maƙo ne irin na tsofaffi, sai da Naira ta faɗi kuɗin gida ya daina isata, ita da kanta ta rage min haya ban roƙa ba. Da na tambaye ta sai ta ce ita 'yar Kwaka ce, kuma duk wannan abin da nake gani a wurinta ibada ne, ba tsimi ba. To wa ya san mutanen nan?

Ɗan Kwari:
Kwaka dai wanda muke damawa yara da madara? Hhhh ashe addini ne muke sha ba mu sani ba

Malamar Tarihi:
Ɗan Kwari ba ka da dama. Wancan mai hula a jikin gwangwani ba ruwansa da su, kamfanin Amurka ne ya ari sunan tun 1877 don mutane sun san 'yan Kwaka ba sa algus. Kamar dai mutum ya rubuta Alhaji a ƙofar shagonsa alhali ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Asalinsu Ingila ne, wajen 1650, lokacin ƙasar ta fito daga yaƙin basasa an ma sare kan sarki. Wani saurayi George Fox, ɗan masaƙi wanda ya koyi aikin takalma, ya ce shi ya zaga wurin limaman coci kaf bai samu wanda ya kashe masa ƙishirwa ba, daga ƙarshe ya tsaya kan cewa Allah na iya shiryar da mutum kai tsaye ba sai da ɗan tsakani ba. Sunan ma zolaya ce, wani alƙali a garin Derby ne ya laƙaba musu a 1650 da Fox ya ce masa ya ji tsoron maganar Ubangiji ya yi makyarkyata, sai ya kira su masu makyarkyata. Su kuwa Abokai suke kiran kansu. Ba sa cire wa babba hula, ba sa rantsuwa a kotu, ba sa biyan harajin coci, ba sa ɗaukar makami. A kan haka aka ɗaure dubbansu, ɗaruruwa suka mutu a kurkuku kafin dokar sassauci ta 1689.

Anti Rahila Jos:
Malama kin yi daidai, bari in ƙara ta ɓangarenmu. Sunan Abokai daga Yohanna 15 ne inda Yesu ya ce wa almajirai ba zai ƙara kiransu bayi ba, abokai ya kira su. Ƙin rantsuwa kuma daga Matiyu 5, cewa i ɗinka ya zama i, a'a ɗinka ya zama a'a. Hujjarsu ita ce in sai ka rantse za a yarda da kai, to ka nuna ke nan sauran maganganunka akwai ruwa a ciki. Amma gaskiya mu a cocinmu ba kowa zai kira na Ingilan Kirista ba, ba baftisma, ba jibin Ubangiji, ba fasto, wasunsu yanzu ma ko sunan Yesu ba sa ambata.

Sadik na Birmingham:
Anti na gani da idona. Lokacin da ta gurɗe ƙafa ni na raka ta ranar Lahadi don in riƙe ta a matakala, na zauna can baya kusa da ƙofa. Ɗaki ne kawai da kujeru an jera su sun kewaye wani ɗan tebur, a kai fure a kwalba da littattafai biyu uku, ba gicciye ba hoto ba mumbari. Mutum kamar ashirin da biyar, yawanci furfura, kowa da kwat ɗinsa a jiki don ba su ƙure hita ba. Aka zauna shiru. Ni dai ina jin agogon bango da cikin wani dattijo yana ƙugi. Sai da aka yi wajen minti arba'in sannan wata mata ta miƙe ta ce ta je wani rafi da take wanka a ciki tana yarinya ta tarar an kafa allo wai kada a shiga ruwan ya gurɓace, kuma tun ranar take tambayar kanta ina nata hannun a ciki. Shi ke nan ta zauna. Ba amin ba tafi, ba wanda ya ba ta amsa. Awa ɗaya na cika mutum biyu suka yi musabaha, kowa ya yi da na kusa da shi, aka tashi shan shayi.

Malam na Tudun Wada:
Sadik ɗana, raka maras lafiya alheri ne Allah ya ba da lada, amma a kiyaye. Mutum ya zauna shiru yana jiran wai a yi masa magana a zuci, ba littafi ba malami, ta ina zai gane na Allah da na shaiɗan? Sannan abin da kake yabawa ai kayan gidanku ne. Ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, Suratul A'araf aya ta 31. Ga hadisin dashe, ko alƙiyama za ta tsaya in akwai dashen dabino a hannunka ka samu dama ka dasa. Ga Shehu Usmanu da ake ba da labarin igiya yake tufkawa ya ci abinci ga daula a hannunsa. Sai bature ya yi faci sannan faci zai zama abin kallo?

Sadik na Birmingham:
Allah ya gafarta Malam na ji, kuma ni ban je neman addini ba, alhamdulillahi da nawa. Abin da ya tsaya min shi ne duk mun haddace ayar nan, ni kaina na haddace, amma ban taɓa ganin ayar ta hana ni karɓar leda biyar a wurin mai kayan miya ba. Ita kuwa nata ya hana ta hawa jirgin sama shekara da shekaru. Ta yaya abu ke sauka daga baki ya shiga hannu, wannan nake tambaya.

Malam na Tudun Wada:
To wannan kam tambaya ce, ba zan yi maka gardama ba.

Malamar Tarihi:
Malam a kan ta ina za su gane na shaiɗan, su ma tun farko abin ya dame su, shi ya sa ba a barin mutum shi kaɗai da abin da ya ji, sai ya kawo wa jama'a an zauna a kai, kuma ba sa ƙuri'a, sai an kai inda kowa zai iya zama da hukuncin ko da za a shekara. Amma Sadik in kana son ka gane uwar ɗakinka to ka nemi labarin John Woolman, shi ne tushen abin. An haife shi 1720 a New Jersey ta Amurka, tela ne kuma yana da ɗan shago a garin Mount Holly. Shagon ya fara bunƙasa, ciniki na ƙaruwa duk shekara, sai ya kira kwastomominsa ya ce su nemi wani shagon, shi zai koma ɗinkinsa da gonar tuffa don kasuwar ta fara cin lokacin da ba nata ba. Yana rubuta wa mutane wasiyya, in aka zo kan rabon bayi sai ya ajiye alƙalami ya ce hannunsa ba zai rubuta ba. In ya sauka gidan mai bayi, da zai tafi sai ya biya kuɗin hidimar da bayin suka yi masa. Daga baya ya daina sa rinannen kaya saboda da gumin bayi ake samar da rinin, ya koma yawo da farar hula da fararen kaya, har 'yan'uwansa suna ganin neman suna yake. A 1772 ya tafi Ingila, ya ƙi ɗakin manya a jirgin ruwa ya kwana ƙasa tare da ma'aikata. Da ya isa ya ji yadda ake kashe dawakin keken fasinja da gudu, da yadda yaran da ke kai wasiƙu ke daskarewa da sanyin dare, sai ya ƙi hawa, ya ƙi ma aika wasiƙa ta hanyar, ya taka da ƙafa daga Landan har York, can agana ta kama shi ya rasu a watan Oktoba na shekarar. Kuma ya rubuta cewa tatse ƙasa yau don a yi burga zalunci ne ga masu zuwa. Kun ga shi ba ƙin daɗi yake ba, duk abin da ya ɗauka sai ya tambaya gumin wa ke ciki, na mutum ko na dabba ko na ƙasa. Wannan tambayar ce jikokinsa suka ɗauko suka ɗora a kan fetur da kwal.

Ɗan Kwari:
Tsaya Malama. Shago yana ci ya kori kwastoma?? A Kwari in ka yi haka 'yan'uwanka ruƙiyya za su kai ka

Injiniya Kaduna:
Ni fa labaran waliyyai ba sa ruɗa ta, bari in kawo ɗaya gefen tunda kowa ya zama maroƙinsu. Wa ya fara narka ƙarfe da gasasshen kwal a Ingila? Abraham Darby a Coalbrookdale, 1709, ɗan Kwaka. Kafin shi da gawayin itace ake yi. Daga nan ƙofar ƙona kwal ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Layin dogo na Stockton zuwa Darlington na 1825, wanda aka gina musamman don jigilar kwal, kuɗin Edward Pease ne da danginsa, 'yan Kwaka. Bankin Barclays da Lloyds, tushensu 'yan Kwaka. Masu farautar kifin whale na tsibirin Nantucket da suka bi tekuna suna kashewa don man fitila, yawancin masu jiragen 'yan Kwaka. Wato masu toka-tokar riga ɗin nan suna cikin waɗanda suka kunna wutar da ke dafa mu yau a Sahel, yanzu kuma jikarsu na tara ruwan wanke-wanke a bokiti mu tafa mata. An ci nama an ƙoshi an koma wa'azin azumi.

Malamar Tarihi:
Injiniya ba abin da ka faɗa da ba gaskiya ba. Kuma abin dariyar shi ne sauƙin rayuwar ne ya azurta su. An toshe musu Oxford da Cambridge, an toshe aikin gwamnati tunda ba sa rantsuwa, soja kuwa ba sa yi, sai kasuwa ta rage. A kasuwar kuma farashi ɗaya suke faɗa ba tayi ba ragi, ko yaro ka aika ba za a cuce shi ba, sai jama'a suka yi ta tururuwa. Ga ciniki, ga ba caca ba giya mai yawa ba ado, kuɗin ina za shi? Dole ya taru ya zama banki.

Ɗan Kwari:
Farashi ɗaya ba albarka ba sallama? To ina daɗin kasuwar

Alhajin Zango Kumasi:
Salamu alaikum yara na. Injiniya ka manta Cadbury, kuma wannan ya shafe mu nan Gana. Su ma 'yan Kwaka ne, a Birmingham suka fara 1824 da shayi da koko don mutane su bar giya. Bournville ɗin da Sadik ke kusa da ita su suka gina wa ma'aikata, gida da lambu, ba gidan giya. Bournvita da kuke sha a Najeriya daga sunan unguwar ne. Amma koko ɗinsu na da daga tsibirin Sao Tome suke saye, inda Turawan Fotugal ke kawo mutane daga Angola aikin da ba shi da maraba da bauta. Labari ya kai musu tun wajen 1901, suka yi ta bincike da rubuce-rubuce, ba su daina saye ba sai 1909, lokacin kuma sun riga sun samu wata kasuwar a nan Gold Coast. Kakanninmu da yawa dako da ƙodagon koko da goro ne ya riƙe su a Asante. An samu arziki ba ƙarya, amma dajin da aka sare aka shuka kokon bai dawo ba. Shekara takwas mutum yana tunani kayan na shiga masana'anta, ni dai wannan shirun ya yi tsawo.

Maman Walida:
Ni duk wannan tarihin bai dame ni ba, maganar Sadik ta farko ce ta ba ni haushi, ka yi haƙuri ƙanina. Facin riga? Ruwan wanke-wanke a bokiti? Ba nama? Ba mota? To ai ni ce 'yar Kwaka ban sani ba, ni da duk matan layinmu. Ruwa jarka nake saye wurin 'yan garuwa, na wanke shinkafa da shi, na wanke kwanuka, ragowar na yayyafa tsakar gida. Nama sai Juma'a in an samu. Yunifom ɗin Walida shi ƙanwarta ke sawa an nannaɗe. Ba wanda ya taɓa zuwa ya rubuta ni a intanet ya ce ina ceton duniya, sunan abin talauci. Ita in ta ga dama gobe ta shiga kanti ta sayi riga goma, in ta yi ciwo asibiti kyauta, ni gas ya gagare ni na koma gawayi ina sane bishiya ake sarewa, hayaƙi na cin idona, sannan wani ya zo ya ce min in rage. In rage me?

Anti Rahila Jos:
Maman Walida kin fasa ƙwai wallahi

Injiniya Kaduna:
Shi ke nan an gama muhawara, Hajiya ta rufe taro.

Sadik na Birmingham:
Yaya ban ji haushi ba, gaskiya kika faɗa. Jiya da dare muna shan shayi na fassara mata saƙonki kusan kalma da kalma, har da in rage me. Ta yi shirun nan nasu har na fara da na sanin faɗa, sannan ta ce ki yi haƙuri, kina da gaskiya, kuma ba ke ake cewa ki rage ba, ita ake cewa. Ta ɗauko wani ɗan jan littafi da suke karanta tambayoyi daga ciki a taronsu ta nuna min wurin da ke maganar sauƙin rayuwa, ta sa yatsa a kan kalmar da ke nufin wanda mutum ya zaɓa da kansa, ta ce wanda aka ɗora wa dole ba sauƙi ba ne, zalunci ne, kuma in facin rigarta ya tsaya a facin riga to ado ne kawai irin na masu kuɗi. Ta ce ita tana yi ne don kada ta je gaban banki ko majalisa tana cewa a daina alhali ita ba ta daina komai ba, kuma kuɗi da lokacin da ta rage su tafi inda za su yi aiki. Maganar Injiniya kuwa dariya ta yi ta ce ai ya rage wasu, akwai 'yan Kwaka masu bayi, har William Penn da ya kafa Pennsylvania, akwai ma dangin Galton a nan Birmingham da suka yi arziki da ƙera bindiga.

Malamar Tarihi:
Kuma wannan faɗan na faci ya zama ado tsoho ne a cikinsu. Margaret Fell, wadda ake kira uwar tafiyar, da tsufanta ta ga an fara matsa wa kowa sai ya sa toka-toka, ta rubuta ta ce wannan wauta ce, ba bishara ba. Sannan masu tsanani irin su Benjamin Lay ai korarsu aka yi. Wani ɗan gajeren mutum ne mai doro da ya zauna Barbados ya ga abin da ake wa bayi a gonakin rake, daga baya ya koma kusa da Philadelphia ta Amurka ya tare a kogo, yana saƙa kayansa, ba ya cin nama ba ya shan sukari. A babban taronsu na 1738 ya ɓoye mafitsara cike da jan ruwan 'ya'yan itace a cikin littafi, ya zare takobi ya soke, jan ruwan ya fantsama a kan manyan masu bayi, aka ɗauke shi cak aka fitar. Sai 1776 taron Philadelphia ya haramta wa mambobi mallakar bayi, shi kuwa ya mutu tun 1759. Don haka kada a ɗauka dukansu Woolman ne, 'yan tsiraru ne ke jan sauran da ƙyar.

Injiniya Kaduna:
To naji. Amma a ba ni abin da suka taɓuka a zamanin nan wanda ya wuce bokiti. Mutanen da duk duniya ba su wuce wajen 400,000 ba, ko ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta fi su.

Sadik na Birmingham:
Injiniya ka san Greenpeace ai, ƙungiyar nan ta kare muhalli. A 1958 wani tsohon kwamanda na sojan ruwan Amurka da ya koma Kwaka, Albert Bigelow, ya ɗauki ƙaramin jirgin ruwa mai suna Golden Rule ya nufi tsibiran Marshall inda ake gwajin bam ɗin nukiliya, don kawai ya je ya tsaya a wurin, aka kama su a Honolulu. Wannan al'adarsu ce, in ana ɓarna ka je ka tsaya ka zama shaida ko ba za ka iya hanawa ba, don kada a ce ba wanda ya gani. To ita Irving da Dorothy Stowe, mata da miji 'yan Kwaka a Vancouver ta Kanada, suka ɗauko da abokansu a 1971 aka yi hayar jirgin kamun kifi aka nufi tsibirin Amchitka na Alaska inda Amurka za ta tayar da bam a ƙarƙashin ƙasa. Jirgin bai kai ba, bam ɗin ma an tayar, amma surutun da ya biyo baya ya yi yawa, ba a sake gwaji a wurin ba, kuma daga tafiyar nan Greenpeace ta fito. Na kusa kuma, a Philadelphia wata ƙaramar ƙungiyarsu da aka kafa 2010 ta sa bankin PNC a gaba saboda yana ba kamfanonin da ke fasa kan duwatsun Appalachia da nakiya don haƙo kwal bashi. Ba jifa ba ƙone taya, shiga harabar bankin suke yi da tsofaffi da ɗalibai su zauna a ƙasa su yi shirunsu, suna kuma sa mutane kwashe ajiyarsu. Shekara biyar suna abu ɗaya, a 2015 bankin ya sanar zai janye daga yawancin harkar. Na Birtaniya kuma a 2011 a Canterbury suka ɗau alkawarin rage hayaƙin da suke fitarwa a matsayin jama'a, a 2013 suka yanke cire kuɗinsu daga kamfanonin haƙar mai da kwal.

Injiniya Kaduna:
Ka san wa ke mulkin Amurka lokacin bam ɗin Amchitka? Richard Nixon. Ka san a wane addini aka haife shi? Hhhh je ka tambayi tsohuwarka

Malamar Tarihi:
Kai Injiniya ba ka raga wa kowa. Haka ne, ɗan gidan Kwaka ne daga California. Na tudu Kwaka na cikin ruwa Kwaka.

Anti Rahila Jos:
Wani abu da ba a faɗa ba, kuna ta maganar tsofaffin turawa masu furfura alhali ƙasar da ta fi yawan 'yan Kwaka a duniya Kenya ce. 'Yan mishan daga Amurka suka kafa tasha a Kaimosi a 1902, yammacin ƙasar. Na je wani taron mata a Kakamega na shiga cocinsu, ba wani shiru, fasto ne da kwaya da ganga kamar dai namu, kuma manoman masara da shayi ne masu ɗan fili, irin su Maman Walida ne ba irin likitar Sadik ba. Babban taronsu na duniya na 2012 ma a Kabarak aka yi kusa da Nakuru, can suka fitar da kira a kan zaman lafiya da adalci ga muhalli. To ka ga a ɗaki ɗaya akwai wanda ya bar jirgin sama don ganin dama da wanda ruwan sama ya ƙi zuwa gonarsa, ban san yadda suke kallon juna ba in an zo cin abinci.

Malam na Tudun Wada:
Na koma na karanta duka. Aƙida dai tasu daban tamu daban, wannan ba sulhu. Amma lokacin yaƙin basasa na ji manya na cewa wasu turawa 'yan wannan ɗariƙa sun yi ta kai saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu, ko su ne?

Malamar Tarihi:
Su ne Malam, Adam Curle da abokan tafiyarsa biyu, sun yi ta shiga da fita tsakanin Legas da ɓangaren Biyafara har ƙarshen yaƙin a 1970. Kuma tunda Sadik na Birmingham, tsofaffin shafukan Alƙur'anin nan da aka auna a 2015 aka ce suna cikin mafi daɗewa a duniya, a jami'ar garin suke, cikin tarin littattafan da Edward Cadbury ya ba da kuɗi aka tattaro.

Malam na Tudun Wada:
Ikon Allah. Sadik ka je ka gano mana ka turo hoto. Ni kuma Juma'ar nan in Allah ya kai mu a kan ruwan alwala zan yi magana, famfon masallacinmu wata biyu yana zuba kowa na tsallakewa, har da ni.

Maman Walida:
Sadik ka gaishe ta, ka ce na ji amsarta, ban ce na yarda duka ba amma ta fi wasu. Ka kuma tambaye ta cikin kuɗin da take ragewa ko akwai na cika silinda, nawa kilo shida ne hhhh

Ɗan Kwari:
Ni kuma yau na gwada farashi ɗaya a shago don in ga abin da Malama ke faɗa. Wata Hajiya ta tambayi shadda na faɗa mata gaskiyar kuɗin na ce ba ragi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce Alhaji lafiya kuwa, ta wuce shagon maƙwabcina, ya faɗa mata ninki biyu suka yi ta ja, ta saya da ƙarin dubu uku a kan nawa tana murna

Sadik na Birmingham:
Yaya saƙonki ya isa, ta tambayi nawa ne kilo a Kano yanzu, kuma wai me ya sa gas ya fi gawayi tsada a ƙasar da ke ƙona gas ɗinta a iska a Neja Delta. Na ce mata wannan sai Injiniya. Injiniya bismillah, tana zaune da biro da takarda.